ALLON MAKAƊI: TARIHIN HORON HANNU A TSAKANIN MAKAƊAN HAUSAWAN BADUN, DAGA SABO ZUWA OJOO

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Ojoo ta birnin Ibadan, wanda iyayenmu fatake ke kira Badun, ya san cewa wuri ne da amo ba ya yankewa a cikinsa. Tun kafin asalatu manyan motocin da suka kwana bisa hanya daga Arewa ke fara gurnani, 'yan kamasho na kiran fasinja, 'yan dako na neman a ba su hanya. A cikin wannan hayaniya akwai wani ɗan sauti da ba kowa ke lura da shi ba, wato na yaron da ke zaune a gefen shago yana buga bayan tire ko gwangwanin madara da tsinkaye biyu, yana maimaita abu guda har sai an daka masa tsawa. Mai wucewa zai ɗauka wasa ne kawai. Mai nazari kuwa ya kamata ya tsaya, domin daga irin wannan wasa ne kowane gwanin kalangu ya faro.

Mu ɗalibai da malaman adabin Hausa mun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan makaɗa da mawaƙa. Mun tsattsefe salo da jigo da zubi, mun bi tarihin rayuwar mashahurai tun daga haihuwa har zuwa rasuwa. Amma galibin nazarinmu yana soma aiki ne daga lokacin da makaɗi ya shiga fage, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin komawa baya kaɗan, ta dubi abin da ke faruwa kafin a shiga fage: yadda ake horar da hannun makaɗi, da abin da yake gwaji a kansa, da kuma yadda zaman Kurmi ya shafi wannan horo. Za mu kwatanta shi da faifan robar nan da makaɗan gangar Turawa ke motsa hannu a kai, wanda a nan muka laƙaba wa suna allon makaɗi, tun da yake aikin da allo ke yi wa almajiri shi yake yi wa mai koyon kiɗa.

2.0 Kafuwar Sabo

Zaman Hausawa a Badun ya girmi zuwan Turawa. A ƙarni na 19, lokacin da birnin ya bunƙasa ya zama sansanin mayaƙan Yarbawa, akwai Hausawa a cikinsa, wasu fatake, wasu masu sana'o'in hannu irin su wanzanci da tukar igiya da kiwo, wasu kuma yaƙi ne ya kawo su cikin halin bauta. Da jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kuma kai Kano a 1911, sai fatauci ya ɗauki sabon salo. Shanu suka riƙa gangarowa Kudu, goro yana hawa Arewa, Badun kuwa ta zama mahaɗa. A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa fili a gefen Mokola, aka tara su a ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Wannan wuri shi ne Sabo.

Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Ƙidayarsa ta nuna cewa mazauna unguwar a lokacin sun ɗan haura mutum 4,000. Ya bayyana yadda harkar shanu da ta goro suka rataya a wuyan masu gida, wato fatomai, waɗanda ke saukar da baƙin fatake, su ajiye musu dukiya, su haɗa su da dillalai, su kuma tsaya musu idan an sayar da kaya bashi. Jarin mai gida a irin wannan ciniki shi ne sunansa. Idan labarin amanarsa da kyautarsa ya kai Kano da Katsina da Damagaram, baƙi za su sauka a gidansa. Idan sunansa ya ɓaci, zaurensa zai zama kango.

A nan ne makaɗi ya sami gurbi. A ƙasar Hausa kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, shi ke sanar da gari cewa an yi yanka, shi ke zuga rundawa da 'yan dambe, kamar yadda muka sani a kiɗan Muhammadu Bawa Ɗan'anace. A Badun kuwa, kamar yadda Cohen ya nuna, akasarin mahautan da ke sayen shanu Yarbawa ne, Hausawa su ne masu kawowa da masu dillanci. Ke nan wanda ya fi buƙatar a yayata sunansa a Sabo shi ne mai gida da dillali da attajirin goro, sai kuma masu biki da suna. Makaɗin da ya biyo jirgi ko ayarin shanu ya sauka a wannan unguwa ya tarar da iyayen gida daga garuruwa dabam-dabam, kowa da asalinsa, kowa da taken da yake so a kaɗa masa. Hannun da bai horu ba ba zai iya ciyar da mai shi a irin wannan wuri ba.

3.0 Abin da Kalangu ke Nema Daga Mai Kaɗa Shi

Kafin mu fahimci horon, ya kyautu mu dubi aikin da ake horar da hannu dominsa. Kalangu kangon itace ne mai siririn ƙugu da baki biyu, kowane baki an rufe shi da fata mai laushi, an kuma haɗa bakunan da tsarkiya. Makaɗi yana rataya shi a kafaɗa, ya saƙale shi a hammata. Idan ya matse tsarkiya da damtsensa fata takan ɗaure, murya ta hau. Idan ya sassauta, murya ta sauka. Ɗaya hannun kuma yana riƙe da lanƙwasasshen icen da ake bugu da shi.

Wannan ne ya sa kalangu ke iya magana. Kamar yadda muke koyarwa a ajin tsarin sauti, Hausa tana da karin sautin sama da na ƙasa da kuma na faɗau. Misali mafi kusa yana cikin sunan sana'ar kanta. Kalmar makaɗi tana nufin mutumin da ke kiɗa, tana kuma nufin icen da yake kiɗan da shi. A rubuce ba su da bambanci, amma a baki akwai. Idan ice ake nufi, gaɓoɓin uku duk suna sama. Idan mutum ake nufi, gaɓar tsakiya takan sauka. Saboda haka mai kalangun da ke son ya ambaci icen zai riƙe matsarsa yadda take ya yi bugu uku, wanda ke son ya ambaci kansa kuwa dole ya saki damtse a bugu na biyu, ya sake matsewa kafin na uku ya sauka. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Bugu da ƙari, dole ya bambance gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kamar yadda mai rubutacciyar waƙa ke yi idan yana auna kari.

Ashe ke nan aiki uku ne ke gudana a lokaci guda: wuyan hannu yana bugu, damtse yana matsa da saki, kunne kuma yana bin sauran makaɗa. Kowannensu yana bukatar nasa horo, sa'annan a haɗa su har su zama jiki.

Har ila yau, shi kansa abin kiɗan yana da nasa shiri. Fata tana jin yanayi. A Kano hunturu ke busar da ita har ta nemi tsagewa, a Badun kuwa damina mai tsawo da raɓa ke sanyaya ta, amonta ya dushe. Don haka makaɗin Kurmi ya saba da shanya ganga a hantsi ko kara ta kusa da wuta kafin a soma. Yayin da fata ke ɗumi, shi ma yana murza yatsu, yana kaɗa wuyan hannu, yana ɗan taɓa bugu a hankali. Abin da masu ilmin jiki suka tabbatar daga baya, cewa tsoka da jijiya sun fi aiki kuma sun fi tsira daga rauni idan jini ya gudana a cikinsu kafin a ɗora musu nauyi, makaɗi ya san shi ta hanyar yau da gobe.

4.0 Matakan Horo na Gargajiya

Kiɗa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, ko da yake akwai 'yan haye da suka yi fice. David Ames, wanda ya yi bincike a kan makaɗan Zazzau, da Anthony King, wanda ya yi a Katsina, sun tattara sunayen kayan kiɗa da muƙaman makaɗa a littafinsu Glossary of Hausa Music and Its Social Contexts na 1971. Daga cikin gida kuma Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun haskaka mana rayuwar makaɗa da tsarin ƙungiyarsu. Idan muka haɗa abin da aka rubuta da abin da kowane ɗan gidan kiɗa ya sani, za mu iya kasa horon zuwa matakai huɗu.

Mataki na farko shi ne na saurare da ɗaukar kaya. Yaro yana bin mahaifinsa ko maigidansa zuwa gidan biki, yana riƙe da kalangu, yana tsintar kuɗin liƙi. Ba a ce masa ga darasi ba, amma kunnensa yana cika da take iri-iri, yana kuma lura da lokacin da ake sauya kiɗa da dalilin sauyawar.

Mataki na biyu shi ne na bugun abin da ba ganga ba. Babu mai ba ƙaramin yaro kalangun da ake neman abinci da shi, domin bugu ɗaya na ganganci ya isa ya huda fata. Saboda haka yakan koma ga cinyarsa, ko bayan ƙwarya, ko gindin turmi, ko gwangwanin da ya ɗaure wa baki da 'yar fata ko leda. Watan azumi kan zame wa irin waɗannan yara wata makaranta, domin a wasan tashe suke fara gwada hannunsu a gaban jama'a. Su ma mata suna da nasu fagen, wato lugude da kiɗan ƙwarya da shantu, inda yarinya ke koyon shigar da bugunta a tsakanin na wasu ba tare da karo ba. Wannan mataki shi ne allon makaɗi na asali: abu marar tsada, marar amo sosai, wanda kuskure a kansa ba ya jawo asara. Almajiri ma ba a ba shi takarda ya rubuta sai ya gama da allo.

Mataki na uku shi ne na kuntuku, wato 'yar ƙaramar gangar nan mai baki ɗaya da ake bugawa da 'yan sanduna biyu. Aikin mai kuntuku shi ne ya riƙe bugu guda, bai ƙara sauri ba, bai rage ba, tun daga farkon kiɗa har ƙarshensa. Da gani aiki ne mai sauƙi, amma shi ne gwajin haƙuri da ƙarfin hannu, domin idan ya kauce kowa ya kauce. Gyaran da ake yi masa a fage ake yi, da harara ko da ƙwanƙwasar ice a ka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na huɗu shi ne na ƙaramin kalangu mai karɓi, daga nan kuma sai babban kalangu mai jan ragama. A nan ne baki ke shiga cikin horo. Maigida yakan faɗi take da baki, yaro ya maimaita da baki, sa'annan ya neme shi a jikin fata har sai wanda ke bayan katanga ya gane abin da ake faɗa. Abin lura a nan shi ne, darasin makaɗin Hausa magana ce mai ma'ana. Duk bugun da ya koya sunan wani ne, ko kirarin wata sana'a, ko habaici. Wanda ya haddace take ɗari ya haddace ɗan guntun tarihin gidaje ɗari.

5.0 Zama da Maƙwabta Masu Ganga

Bahaushen da ya sauka Badun da kalangunsa bai tarar da mutanen da za su yi mamakin ganga mai magana ba. Yarbawa suna da dundun da gangan, waɗanda ƙirarsu da dabarar matsa su iri ɗaya ce da ta kalangu. Suna ma da wata ƙarama da suke kira kanango, sunan da ba ya bukatar tafinta. Akin Euba, wanda ya yi digirinsa na uku a kan wannan kiɗa, ya fitar da littafinsa Yoruba Drumming: The Dundun Tradition a 1990. Su ma a wurinsu sana'ar ta gado ce, ta gidajen da sunayen 'ya'yansu ke farawa da Ayan, kuma yaro yana somawa ne da ƙananan gangunan da ke riƙe bugu kafin a miƙa masa iya ilu, wato uwar ganga. Tsarin ya yi daidai da namu ƙwarai.

Bambancin yana ga harshe. Yarbanci yana da karin sauti uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Damtsen da ya saba da hawa da sauka tsakanin matsayi biyu dole ya koyi tsayawa a tsakiya idan yana son ya ambaci sunan Bayarabe yadda zai waiwayo. A garin da abokin cinikin ubangidanka Bayarabe ne, kuma yana zaune kusa da shi a wurin biki, wannan ƙarin horo yana da riba a aljihu.

Cuɗanyar ta bi ta wasu hanyoyin. Goge, wanda Yarbawa ke kira goje, shi ne ƙashin bayan kiɗan sakara irin na Yusuf Olatunji, wanda ya rasu a 1978. Kakaki ya shiga fadojin sarakunansu da sunansa. Kiɗan tayar da masu sahur da samarin Yarbawa Musulmi ke yi a watan azumi, wanda suke kira were, shi ne ya haifi fuji a hannun Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya rasu a 2010. Ke nan watan da ya zama makarantar 'yan tashe a wurinmu, shi ne ya zama makarantar 'yan were a wurinsu.

6.0 Faifan Roba da Gangar Soja

Akwai wata hanyar horon hannu da ta shigo Badun da kaki. A 1863 John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya. A 1893, bayan yarjejeniyar da shugabannin Badun suka ƙulla da Turawan Ingila, Kyaftin Bower ya zauna a birnin tare da askarawan Hausawa. Da bariki aka san begila da badujala, kuma gangar badujala da sanduna biyu ake kaɗa ta, bisa ƙa'idar da aka tsara a Turai. Daga bariki wannan kiɗa ya bazu zuwa ga 'yan sanda da makarantu da ƙungiyoyin matasa masu fareti.

Ita wannan ƙa'ida an rubuta ta. A 1933 wasu gwanayen gangar soja suka haɗu a birnin Shikago na Amurka, suka zaɓi tushen bugu 13 da kowane ɗalibi zai ƙware a kai, daga bisani aka cika su 26. A 1984 ƙungiyar Percussive Arts Society ta faɗaɗa jerin zuwa 40. A 1935 kuma George Lawrence Stone ya wallafa Stick Control, littafin da shafukansa na farko ba su ƙunshi komai ba sai jerin dama da hagu da ake so ɗalibi ya yi ta maimaitawa. Tun da yake gangar soja tana da ƙara, ba kuma kowane maƙwabci zai jure ta ba, sai aka riƙa yin gwajin a kan ɗan faifan katako da aka shimfiɗa wa roba. Robar tana mayar da sanda sama kamar yadda fata ke yi, amma amonta bai wuce ɗaki ba.

Motsa hannu a kan wannan faifai yana da tsari. Ana somawa da bugu takwas da dama, takwas da hagu, a hankali, domin wuyan hannu ya saki. Sai bugun ɗai-ɗai, wato dama, hagu, dama, hagu. Sai bugun bi-biyu, dama, dama, hagu, hagu, inda ake koyon barin sanda ta yi tsalle da kanta a bugu na biyu. Sai na gauraye, dama, hagu, dama, dama, sa'annan hagu, dama, hagu, hagu, wanda ke tilasta wa raunanan hannu ya ja gaba a zagaye na biyu. Ana farawa sannu, a ƙara sauri, a sake komawa sannu, sau da yawa tare da na'urar auna bugu da ke ƙyasƙyas kamar agogo. Sharaɗin shi ne kada a ƙanƙame sanda, kuma da zarar an ji zafi a jijiya a dakata.

Idan muka jera hanyoyin biyu za mu ga kowace da abin da ta fi. Faifan roba yana daidaita hannuwa biyu, yana ba ɗalibi ma'aunin da zai gane ci gabansa, kuma ana iya aika darasinsa a takarda zuwa ga wanda bai taɓa ganin malamin ba. Mai kuntuku zai amfana da shi kai tsaye. Sai dai faifai kurma ne, murya ɗaya gare shi. Ba ya koyar da matsa da saki, ba ya ambaton sunan kowa. Hanyarmu kuwa tana koyar da hannu da harshe da tarihi a lokaci guda, amma rayuwarta gaba ɗaya ta dogara ga zaman yaro kusa da maigida. Ranar da wannan zama ya yanke, babu takardar da za a koma gare ta.

7.0 Daga Sabo Zuwa Ojoo

Abubuwa da dama sun taɓa wannan zama. Na farko shi ne sauyin addini. Cohen ya bayyana yadda mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a farkon shekarun 1950, har suka kafa masallacin Jumma'arsu a 1952. Daga baya, bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, muhawara a kan matsayin kiɗa ta ƙara zafi a duk inda Hausawa suke. Muhawarar daɗaɗɗiya ce, domin tun zamanin jihadin 1804 malamai ke rarrabe kiɗan da suka yarda da shi da wanda suka hana. Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci. Abin da ya shafi tarihinmu shi ne, gidajen kiɗa da yawa sun zaɓi su tura 'ya'yansu ga karatu ko kasuwanci.

Na biyu shi ne ƙaurar ciniki. Sabo 'yar jirgin ƙasa ce. Da mota ta ƙwace wa jirgi kaya, musamman bayan buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, sai nauyin harkar Arewa ya koma bakin gari ta arewa, inda hanyar Oyo da Ilori ke shigowa. Ojoo ta zama matsayar manyan motoci, kasuwar Shasha da ke kusa da ita ta zama masaukin tumatir da albasa da tattasai, cinikin shanu kuma ya bi ta Bodija ya nufi Akinyele. Mutanen da wannan sabon ciniki ya tara, direbobi ne da yaran mota da 'yan dako da 'yan ci-rani, masu zuwa da komawa. Suna son kiɗa, suna kuma yin kyauta, amma horon da ke cin shekara goma yana bukatar zaure tsayayye da maigida mazauni.

Na uku shi ne na'ura. Kaset ya kawo Mamman Shata cikin kowace mota tun kafin rasuwarsa a 1999. Daga tsakiyar shekarun 1990 kuma masu waƙoƙin finafinan Kano suka koma ga fiyano, wadda ke fitar da amon ganga da yatsa ɗaya. Mai biki ya gane cewa hayar lasifika ta fi sauƙi a kan ciyar da ƙungiyar makaɗa. Inda ba a kiran ƙungiya, babu gurbin mai kuntuku, kuma inda babu mai kuntuku, an cire mataki na uku daga tsanin da muka bayyana.

Na huɗu shi ne rashin kwanciyar hankali. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha tsakanin Hausawa da Yarbawa, aka yi asarar rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, har gwamnan Jihar Oyo, Seyi Makinde, ya rufe kasuwar na ɗan lokaci. Iyalai da dama suka watse. A irin wannan rana mai gudu da ransa ba ya tsayawa ɗaukar ganga. Abin baƙin ciki shi ne, al'ummomin biyu da suka yi wannan karo su ne waɗanda gangunansu suka fito daga tsatso ɗaya, har suna kiran su da suna kusan ɗaya.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa gwaji a kan abin da ba ganga ba tsohuwar al'ada ce a gidan makaɗin Hausa, tun daga cinya da ƙwarya har zuwa gwangwani. Mun ga yadda zaman Badun ya ƙara wa makaɗi nauyi, na iyayen gida mabambanta da na harshe mai karin sauti uku. Mun kuma ga cewa faifan roba ya zo da wata fa'ida da hanyarmu ta rasa, wato rubutu da ma'auni, ita kuma hanyarmu tana da magana, wadda faifai ba shi da ita.

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Aikin da ya rage namu ne, kuma ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya zama da dattijon makaɗi a Sabo ko Ojoo ko Shagamu ko Agege, ya bar tambayar waƙoƙin da ya yi, ya tambaye shi abin da aka fara sa shi ya buga, da abin da ya buga a kai, da kuskuren da ya fi shan duka a kansa. Ya naɗi take da baki, ya naɗe shi a kalangu, ya rubuta shi da alamun karin sauti kamar yadda aka koya masa a aji. Idan aka tara irin wannan aka jera shi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, za mu sami littafin horon hannu na kalangu wanda darussansa kalmomin Hausa ne. Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, tafiyar 'yan mintoci ce daga Ojoo, kuma dattawan da ke riƙe da wannan ilmi ba ƙara yawa suke yi ba.

Yaron nan da muka bari a gefen shago yana nan yana buga gwangwaninsa. Hannun yana da shi, sha'awar ma yana da ita. Abin da ya rage shi ne ya sami wanda zai zaunar da shi ya gaya masa abin da bugun ke cewa. Allah ya sa mu dace.